Sawun Agwagwa a Ƙofar Inna

Magarya, watan ƙaramar salla, 1957

Zuwa ga Yayana Labbo, a Fallomi ta ƙasar Cadi, ta hannun Kawu Ɗan Azumi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ƙane yake yi wa wansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gidan da kake zaune. Allah Ya karɓi azuminmu da naku, Ya maimaita mana, Ya tsare ka a kan hanyoyin can da muke jin labari ba su da kyau. Ni ne Illo nake rubuto maka da hannuna, don haka in ka ga baƙi ya karkace kada ka zargi alƙalami, ka zargi yatsun da suka kwashe azumi guda suna riƙe da guduma.

Mutanen gida duk lafiya lau, sai kewarka. Zuwera matarka tana nan Magarya tare da mu, tana ta ƙuliƙulinta da ƙosanta, bakinta kuwa bai rage kaifi ba ko kaɗan, ni ne dai nake shan sa tunda mai shi ba ya nan. Nafi 'yarka da ka bari tana koyon tafiya har ta fara famfara, ta yi giɓi a gaba, ga surutu kamar uwarta. Duk direban da ta gani da jar hula sai ta tsaya ta ƙare masa kallo, don an gaya mata irin ta kake sawa. Jar saniyar Baba ta haifi mace, gyaɗar bana kuma ta yi kyau, ko da yake farashin da kamfani ya yanka bai yi wa kowa daɗi ba. Inna tana can ƙauye, Rijiyar Gawo, ta ƙi dawowa gari, ta ce ba ta barin kabarin Baba da shanunsa. Jikinta da sauƙi, tana cin tuwonta, amma idon ne, Yaya. Yanar nan da ta fara mata a na hagu ta rufe shi ruf, yanzu ta kama na dama. Da hantsi tana gane mutum in ya matso kusa, da la'asar kuwa sai dai murya. Na kai mata maganin ɗigawa daga wajen likita, bai yi komai ba.

Yanzu sai maganar da ta sa na zauna rubutu. Ni da kai ba mu taɓa buɗe baki mun yi zancen ranar nan ba, kuma a takardunka da suka iso ba ka taɓa ambatonta ba, sai gaisuwa da goron Inna. To yau zan faɗe ta, ka yi haƙuri. Ranar da aka aiko Baba ba lafiya, muka tashi tun cikin dare da kamiyonet ɗinka mu ɗauko shi zuwa likita, motar da shi da kansa ya sayar da bajimai biyu ya cika maka kuɗinta. Muka wuce Dungas, muka wuce Dogo-Dogo, sai a jigawar nan mai jan rairayi, inda ake hango kan gawon rijiyarmu, mota ta kwanta da cikinta, tayoyi suna juyawa a banza. Tun hantsi muke tona da hannu, muna sarar sabara muna cusawa, har rana ta karkata, sai ga Malam Habu limaminmu a kan jaki ya zo ya ce mu bar wahala, Baba ya cika. Da ƙafa muka ƙarasa. A bakin kabari, gaban jama'a, ka ɗaga hannu ka rantse da Allah ba za ka ƙara taka garin ba sai ran da motar nan ta shige shi da ƙafarta. Ko zaman makoki ba ka yi a gida ba, a gindin motar ka karɓi gaisuwa. Da shanu suka jawo ta baya muka dawo Magarya, ka miƙa mini makulli, ka bi wata kamiyo, babbar motar kaya, ka yi gabas. Damina huɗu ke nan. Na kuma san abin da ya hana ka zuwa ko nan Magarya, ba za ka iya zama tafiyar yini ɗaya da Inna ba ka je ka durƙusa a gabanta ba.

Malam Habu ya sha faɗa, ni ma na sha rubuta maka, rantsuwa irin wannan tana da kaffara, ka ciyar da miskinai goma ka dawo gida. Amsar da Isufu mai goro ya kawo mana daga bakinka ita ce, ba da tuwo ka yi rantsuwar ba balle ka warware ta da tuwo. Na ji haushinka ranar, ba zan ɓoye maka ba, har na ce ba na ƙara rubuta maka komai. Amma taurin kan nan na gidanmu ne, ban isa in yi maka gori ba, nono ɗaya muka sha. Da na je ƙauye kafin azumi na ga Inna tana lalubar ƙofar ɗakinta da rana tsaka, sai na ce to, tunda mai rantsuwa ya ƙi lanƙwasuwa, bari in lanƙwasa ƙarfe.

Ka san halin motarka. Bature ya ƙera ta don hanyar garinsu, gindinta a ƙasa, shi ya sa yaran tasha suka sa mata Agwagwa, sunan kuma ya bi ta har yau. Manyan kamiyon gyaɗa sun haƙe hanya, rami biyu da tudu a tsakiya, ita kuwa da ta hau sai tudun ya tokare mata ciki. Shekarun nan ina lallaɓa ta tsakanin Magarya, Yekuwa da Ɗan Cawo, inda ƙasa take da ɗan tauri, ina ɗaukar gyaɗa da 'yan kasuwa. Na yi ta kwanciya a ƙarƙashinta ina kallo, har na gane abu biyu take so. A ƙara mata lam, ƙarafan nan masu lanƙwasa da ake jerawa bisa juna su ɗauki nauyin mota, don jikinta ya tashi. In jikin ya tashi an sami wuri, sai a sa mata tayoyi masu tsayi, don tulun nan na tsakanin ƙafafun baya shi ma ya rabu da ƙasa, in ba haka ba an yi aikin banza. Na ba Isufu saƙo ya tambayo mini kuɗin sababbi a Kano. Da ya dawo ya faɗa mini sai na yi dariya, don ko na sayar da jar saniya da 'yarta ba su isa ba, ga kuma mutanen duwan, masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka, suna jira da nasu kason.

Sai na koma neman tsofaffi, a nan ne na gane ba ni kaɗai nake son lam a ƙasar nan ba. Maƙera sun riga ni. Duk motar da ta mutu a hanya, kafin mai ita ya gama salati sun kwance lam ɗinta, don babu ƙarfen da ya kai shi yin gatari da lauje da wuƙa. Na je wa wata kamiyo da ta kife a kwarin Ɗan Cawo tun daminar bara, na tarar an fige ta tas, ko ƙusa ba a bari ba. Na bi sawu har kasuwar Dungas, ina ɗaga gatura ina dubawa, ina ganin ramin bulon, inda ƙusar ɗauri take shiga, a jikin wasu, raina yana ɓaci. Wallahi rabin gonakin ƙasar nan da lam ɗin da nake nema ake sassabe su. A ƙarshe aka kwatanta mini Gajere, maƙerin nan na bayan kasuwarmu wanda kake kai wa gyaran kirik ɗin ɗaga mota. Ashe shi ya saye na kamiyon, ya binne a ƙarƙashin tarin gawayi, yana cirowa ɗaya-ɗaya kamar mai cin guzuri. Da fari ya ce bai san zancen ba. Da na gaya masa abin da zan yi da su sai ya tambaye ni ko Labbon da ya sani ne, wanda ba ya wuce maƙera bai ja masa zugazugi ba. Na ce shi ne. Ya tashi ya ture gawayin da ƙafarsa. Muka shirya a kan zan yi masa jigilar gawayi har kaka, ko dala bai karɓa ba.

Na kamiyo sun fi na Agwagwa faɗi da kauri, don haka muka zaɓi sirara a ciki. Gajere maƙeri ne ɗan maƙeri, ba wanda zai koya masa wuta. Ya sa su suka yi ja, ya datse, ya rage musu faɗi, ya huda tsakiya, ya lanƙwasa kowanne a kan gungumen ƙirya daidai da zanen da na yi masa a ƙasa. Da ya gama ɗaya sai ya tsoma shi a komin ruwa ya yi cuu, kamar yadda yake yi wa gatari tun yana yaro, kamar yadda ubansa ya yi. Ya ƙwanƙwasa mini shi a kunne, ƙarfe ya yi amo, ya ce wannan ko giwa ta hau ba abin da zai same shi. Ni ma da na ji amon na yarda. Muka ɗaga mota da kirik, muka tokare ta da turamen Zuwera biyu, tana ta mita wai in suka tsage kai za ta kai wa ƙara. Muka jera, muka ɗaure, muka sauke. Agwagwa ta miƙe tsaye, yaran tasha suka yi ta ihu. Na ɗora mata buhuna na kama hanyar Yekuwa don gwaji, ina jin kaina kamar kumandan. Ko gonakin gari ban gama wucewa ba na faɗa wani ɗan rami da kullum nake bi ta kansa, sai na ji ƙas, ƙas, kamar an taka busasshen kara, gindin mota ya zauna. Na leƙa, sababbin lam sun karye gida biyu, bakin karayar fari fat kamar gishiri. Rana tsaka ce, ga azumi a bakina. Yaya, na zauna a inuwar motar na yi kuka, kuma ba don ƙarfen ba ne.

Gajere ya ce ƙarfen Nasara ne ba shi da albarka, na ce hannunsa ne, muka yi ta sa-in-sa har maƙwabta suka zo suka tuna mana watan da muke ciki. Lam kaɗan suka rage a ƙarƙashin gawayi, in su ma suka karye zance ya ƙare. Na dawo gida ina ta faɗa ni kaɗai a tsakar gida. Zuwera tana zaune tana tankaɗe, ta tambaye ni a cikin me Gajere ya tsoma ƙarfen. Na ce mata ina ruwan mai ƙosai da ƙira. Ta ce da ruwanta kuwa, don ita aka taɓa yi wa ɓarna. Wai shekarar da aka kawo ta, lam ɗaya ya karye maka ana tsakar kakar gyaɗa, ka hura wuta a bayan gida ka gyara wani, sai ka shigo da gudu ka ɗauki tukunyar man da ta yini tana matsa, ka juye, ka tsoma jan ƙarfe a ciki, gida ya turnuƙe da hayaƙi da ƙamshin suya. Ta yi kuka, ta daina yi maka magana. Kai kuwa don ka shawo kanta sai ka kira ta ta zo ta ga abin mamaki. Ka goge ƙarfen da yashi har ya yi fari, ka riƙa wucewa da shi bisa garwashi a hankali, launi yana tafiya a jikinsa, daga ruwan kara zuwa ja-ja, har ya koma shuɗi kamar wuyan tattabara, a nan ka janye. Wai ka ce mata ruwa taurin kai yake sa wa ƙarfe, mai kuwa haƙuri yake koya masa. Ni lokacin ina ƙauye ina kiwo, ban fara bin ka ba, shi ya sa ban sani ba. Na ce a raina, ashe Yaya ya san wannan karatun, a ƙarfe dai ya tsaya. Ta ba da labarin nan tana dariya, amma ba ta ɗago kai daga rariya ba, garin da take tankaɗewa kuwa ya daɗe da ƙarewa.

Na ce ina da baƙin man inji da na tara, zai yi. Ta ce ita abin da idonta ya gani shi take ba da shaida a kai, da man gyaɗa ka yi, da man gyaɗa za a yi. Ta shiga ɗaki ta fito da tulun man da ta tara don ƙosan buɗa-baki, wanda da ribarsa take yi wa Nafi kayan salla. Na ce ta mayar, ta ce in rufe mata baki, ba ni ta ba. Muka tsaga tano, gangar ƙarfen nan ta fetur, a tsaye muka juye man, bai ko rufe gindinsa da kyau ba. Kafin la'asar zance ya zaga unguwa. Sai ga Ƙande da kwalba, ga Ya Kaka da 'yar ƙwarya tana tafe tana tare ta da hannu kada ta zube, ga wasu ma da ba ka san su ba don bayan tafiyarka aka kawo su unguwar. Kowace ta juye ta ce a gaya wa Labbo da manta a ciki. Ya Kaka ta ƙara da cewa in ka dawo ita za ka fara kaiwa kasuwar Yekuwa, kuma a gaba za ta zauna, ba a baya da awaki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na gan shi da idona ranar.

Gajere ya so ya ƙi. Ya ce tun kakansa ba a taɓa soya ƙarfe a maƙerarsu ba, in 'yan'uwansa maƙera suka ji za su ce ya koma tuya. Amma da ya ga tano cike da man mata sai kunya ta kama shi. Na farko da ya tsoma, wuta ta tashi ta lashe masa gefen gemu, ya yi ta salati yana zagina. Zuwera ta tsaya a bakin zana da lulluɓinta tana kallon launi, ita take cewa a ƙara, ita take cewa a janye, Gajere kuwa yana bi yana gunaguni. Da ƙarfen ya huce sai ya ɗora shi a kan duwatsu biyu, ya hau tsakiya ya yi tsalle da dukkan nauyinsa. Ƙarfe ya lotsa, ya dawo, ya cilla shi gefe ya faɗi zaune a cikin toka. Ya tashi yana kaɗe riga, ya ce lalle wannan yana da rai. Yini uku maƙera tana ƙamshin ƙosai, masu azumi suna wucewa suna tsine mana.

Sauran aikin ba zan cika ka da shi ba, in ka zo ka kwanta a ƙarƙashi ka duba da kanka, na san ba za ka rasa abin kushewa ba. Ƙarafan da suke rungume lam sun yi gajarta, Gajere ya ƙera masu tsawo. Igiyar birkin baya ta ɗame, na sauko da maƙalinta. Baya ya fi gaba tashi har ta zama kamar mai ruku'u, sai da muka ƙara wa gaba shi ma. Tayoyi kuwa na wata tsohuwar motar soja ne da aka yi gwanjonta a Damagaram, daga bakin wuƙar mai yin takalma na ƙwato su, ɗaya har ya riga ya zana ƙafar mutum a jikinta da alli. Abu ɗaya ne ban taɓa ba, kujerar direba. Tana nan inda ka bar ta, daidai tsawon ƙafarka. Shekarun nan duk matashi nake sawa a bayana don in kai ga birki, mutane suna yi mini dariya, ina ƙyale su.

Bayan salla da kwana kaɗan muka kama hanyar gida. Zuwera da Nafi a gaba, Nafi da tsohuwar rigarta ta bara, Gajere a baya da shebur da buhun geron Inna. Ya rufe maƙerarsa ran kasuwa, abin da aka ce bai yi ba ko ranar sunan ɗansa. Muka wuce Ɗan Cawo, muka sha ruwa a Dungas, tudun tsakiyar hanya yana wucewa ta ƙarƙashinmu ba ko gogawa, har muka bar Dogo-Dogo a baya. Da muka iso gindin jigawar na tsaya na sauka don in rage wa tayoyi iska. Sabarar da muka sassare ni da kai ta toho, ta fi da tsawo. Na tsaya ina kallonta har Gajere ya yi gyaran murya.

Na hau da ƙarfi, ta yi ta ci har kusa da kai, sai na ji ƙafafun baya sun fara tona. Na tsaya kafin ta nutse. Mutanen gari sun jiyo ƙugi, ga su nan a guje, manya da yara, wasu har sun kai kafaɗa za su tura. Na yi tsawar da ban san ina da ita ba, na ce kada wanda ya taɓa ta, da ƙafarta ka ce, ba da kafaɗar mutane ba. Suka ja da baya suna kallona kamar na haukace. Malam Habu da ya iso daga baya yana haki ya ce a ƙyale ni, gaskiyata ce, shi ma yana wurin aka yi rantsuwar. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Yaya, cikinta bai taɓa ƙasa ba. Akwai haske tsakaninta da rairayi, har Nafi ta leƙa ta ce tana hango ƙafafun Gajere ta wancan gefen. Na koma da baya har gindin tudu, na ƙara rage iska, na ce kowa ya sauka. Zuwera ta ce manta yana ƙarƙashin motar nan, ba inda za ta. Na yi bisimilla na taka. Agwagwa ta yi kuka, ta yi rawa, rairayi yana tashi ta ko'ina, na ji tana ja, tana ja, sai kawai na ga gawon rijiya gaba ɗayansa daga kai har gindi. Ban tsaya ba. Na bi ta tsakanin rumbuna, kaji suna watsewa, sai ƙofar Inna.

Tana zaune a kan tabarma tana tsintar wake da lalube. Ka san mota ba ta taɓa shiga Rijiyar Gawo ba, don haka da ta ji ƙugi a ƙofarta ba sai an gaya mata wace ce ba. Ta tashi, wake ya zube, ta taho tana dafa zana har ta iso gefen direba. La'asar ta yi, idon ya rufe, inuwar mutum kawai take gani a bayan sitiyari. Kai ɗan fari ne, tunda aka haife ni ban taɓa jin Inna ta kama sunanka ba, wancan yaron take cewa, ko wan Illo. Ranar, a gaban Malam Habu, a gaban surukarta, a gaban gari duka, ta buɗe baki ta kira Labbo. Sau biyu ta kira. Na kasa amsawa, na kuma kasa cewa ba shi ba ne. Ta miƙo hannu ta taga ta shafa fuskata, ta nemi tabon nan na girarka inda hannun tayar da mota ya taɓa bugunka, ba ta same shi ba. Ta janye hannunta a hankali, ta ce sannu da hanya Illo, ta juya ta ce a kawo wa baƙi ruwa. Zuwera ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na daɗe ban sauka ba.

Da aka natsa sai Inna ta zaga motar tana shafawa, har ta durƙusa ta taɓa lam, ta shinshina yatsunta ta ce wannan ai man gyaɗa ne, aka yi dariya. Daga nan ta ce a kawo mata babban masakinta na biki. Ta sa Nafi ta kama hannunta ta nuna mata inda taya ta zauna sosai a bakin ƙofa, ta kife masakin a kai, yadda ake kife sawun ɓarawo kafin masu bin sawu su iso, ta ɗora dutse. Ta ce kai ba ka yarda da ji, duk abin da Illo zai rubuta za ka ce lallashi ne, to ga shaida nan ta ajiye maka, ka zo ka gani da idonka. Kwana biyu na yi a can, kuma kowace safiya da hantsi, lokacin da idon yake ɗan buɗewa, sai ta je ta ɗaga gefen masakin ta duba, ta mayar. Ta hana a ɗaure awaki a wajen, ta hana yara wasa a ƙofar.

To Yaya, ga shi nan na faɗa maka duka. Malam Habu ya ce in rubuta maka da bakinsa cewa rantsuwarka ta cika, babu kaffara a kanka, babu komai, shi shaida ne, gari duka shaida ne. Baba kwanansa ne ya ƙare, ko jirgin sama ka zo da shi ranar ba za ka ƙara masa numfashi ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗora maka laifi sai kai kanka. Ina kewarka, na gaji da zama babba a gidan da ba ni ne babba ba. Zumunta a ƙafa take, mota ma ta yi nata. In ka iso Kano ka aiko, zan zo bakin iyaka in tarye ka, in sauka in cire matashina in ba ka wurinka, kai za ka hau jigawar nan da hannunka.

Ka gaishe mini da Kawu Ɗan Azumi da kyau, ka ce muna godiya da riƙon da ya yi maka, Allah Ya saka masa da alheri. Ka gaida Gwaggo Hinda da yara duka. Inna tana gaishe ka, Zuwera ta ce in ce tana gaishe ka kawai, kada in ƙara komai, Nafi ta ce a tambaye ka ko har yanzu hular ja ce. Malam Habu, Isufu, Ƙande da Ya Kaka duk suna gaisuwa. Gajere ya ce ka taho masa da gemu daga Fallomi.

Masaki yana tare iska, yana tare awaki, amma ba ya tare ruwan sama, kuma ranar da zan baro ƙauye na ga shamuwa sun sauka a kan gawo. Idon dama ma ba jira yake ba. Ka taho, Yaya.

Wassalam. Ni ne ƙanenka mai duban hanya,

Illo